Shekara Guda a Faransa Kafin a Iso Gulbin Maraɗi

Mu mutanen Gabi, Katsina ta fi mana Yamai kusa ƙwarai. Mutumin garinmu yana iya sammako ya ci kasuwar Jibiya ya dawo ya kwana a ɗakinsa, amma tafiya babban birnin ƙasa sai da guzuri, don sai ya ratsa Maraɗi da Madawa da Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar fiye da kilomita 600. Daga bakin dajin Baban Rafi har zuwa tabkin Madarunfa, da Hausa ake ciniki, da ita ake sasanta rikicin iyakar gona a fada, da ita ake neman aure ake gaisuwar mutuwa. Fulanin da ke kiwo a dajin ma da ita matansu ke tallan nono. Amma shekara da shekaru, Baturen mishan da ya ƙulla niyyar zuwa aiki a cikinmu ba ya miƙo hanya daga Amurka ko Kanada ko Ostareliya ya sauka Maraɗi kai tsaye. Sai ya fara yada zango a Faransa, ko Suwizalan, ko lardin Kebek na Kanada, ya kwashe kusan shekara yana koyon harshen da mahaifiyata ta koma ga Allah ba ta taɓa buƙatarsa ba.

Ni Musulmi ne, malamin lakwal, kuma Faransanci na koyar har na ajiye alli. A zaman da na yi a Maraɗi na sha zama da waɗannan baƙi bayan la'asar ina koya musu Hausa, domin sukan nemi wanda zai iya yi musu bayanin nahawunmu da Faransanci kafin kunnensu ya buɗe. Ba addini ya haɗa mu ba, kowa ya san alƙiblar ɗan'uwansa. Harshe ne ya haɗa mu, kuma daga bakinsu na ji labarin waccan shekara da suke yi a ƙasar sanyi.

Farkon al'amarin ba haka yake ba. Ƙungiyar da ta fi kowace daɗewa a yankinmu, wato Sudan Interior Mission, wadda kowa ya fi sani da SIM, ta samo asali ne daga samari uku da suka sauka Legas a 1893: Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham. Biyu na farko ba su wuce 1894 ba zazzaɓi ya kashe su. Sai a 1902 ƙungiyar ta kafa ƙafa a Patigi, kuma ba ta tsallako ƙasar da Faransa ke mulka ba sai a 1924, da ta buɗe tasha a Damagaram, daga baya ta sauka Tsibirin Gobir, nan kusa da Maraɗi. Waɗannan na farko ta Nijeriya suka ɓullo, kuma a can suka koyi Hausa. Da aka kammala buga Littafi Mai Tsarki cikin Hausa a 1932, sai suka ga ai sun sami duk abin da suke nema. Mutanen da suka zo dominsu Hausa suke ji, littafin da suka zo da shi yana cikin Hausa, to me za a yi da Faransanci?

Kumandan, wato Baturen mulkin Faransa, ba haka ya ɗauki zancen ba. A idonsa ga mutum mai Ingilishi, ya fito daga ƙasar da Ingila ke riƙe da ita, ba ɗan Katolika ba, kuma yana zama ƙarƙashin itace yana hira da talakawa babu tafinta, alhali shi kumandan sai ta bakin tafinta yake jin abin da sarki ya ce. Irin wannan baƙo dole a sa masa ido. Tun 1922 akwai doka a ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa da ta ce duk makarantar da ba ta gwamnati ba, da Faransanci za ta koyar, kuma malaminta sai ya nuna takardar shaidar ya iya harshen. Zargin ya kai ƙarshe tsakanin 1940 da 1942, lokacin da gwamnan Dakar ya bi gwamnatin Vichy, iyakar da ke kudu da mu ta zama iyakar abokan gaba, aka riƙa yi wa 'yan mishan masu Ingilishi kallon 'yan leƙen asiri. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sun fahimci cewa in ba su iya harshen ofis ba, ko rijiya ba za su haƙa ba sai an hana su. Asibitin Galmi da aka buɗe a 1950, da asibitin kutare na Danja da ya biyo baya a 1956, ga shi nan kan hanyarmu ta zuwa Maraɗi, duk aiki ne mai takardu: izinin fili, izinin shigo da magani, rahoton shekara, amsa tambayar sufeto. Daga nan ne zango a Faransa ya zama wajibi. Da farko Paris suke zuwa, makarantar Alliance Française. A 1967 aka buɗe wata makaranta ta musamman domin 'yan mishan a Albertville, wani ƙaramin gari a gindin duwatsun Alps, wanda duniya ta san sunansa a 1992 saboda wasannin Olamfik na ƙanƙara. Akwai wata a Massy kusa da Paris, akwai kuma ta Sherbrooke a Kebek.

Abin da suka riƙa ba ni labari game da wannan zango ya fi kama hankalina fiye da labarin jirgi ko na ƙanƙara. Mutum ne ya kai shekara arba'in, likitan fiɗa ne ko injiniya, a garinsu ana miƙewa in ya shigo. Ya sayar da mota, ya bar gida, ya kwashi mata da yara ya sauka a ɗaki biyu na haya. Da safe ya ɗauki jaka ya tafi aji, malama ta ce ya karanta jimla, ya karanta, ta ce ya sake. Ingilishi ba ya raba kayan duniya zuwa namiji da mace, don haka abin da mu Hausawa muka tashi da shi, cewa riga mace ce wando namiji, shi sabon abu ne gare shi, sai ya haddace jinsin kowane suna ɗaya bayan ɗaya. Ga aikatau mai sauya kama da kowane mutum da kowane lokaci, ga haruffan da ake rubutawa ba a furtawa. Da yamma ya je sayen burodi, ya shirya maganarsa tun daga gida, mai kanti ta amsa masa da sauri ya rasa inda ta dosa. 'Ya'yansa kuwa, da aka zuba su makarantar gari, kafin 'yan watanni sun fi shi, har su ne ke gyara masa furuci a kan abinci. Wata mata ta faɗa mini cewa abin da ya fi yi mata ciwo shi ne ranar Lahadi: ita da ta saba yi wa mata wa'azi, sai ta zauna a majami'a tun daga farko har ƙarshe ba ta kama komai ba sai amin.

Kuma ba da kuɗinsu suke wannan zama ba. Majami'u da 'yan'uwa ne suka yi alkawarin ba da wani abu kowane wata, su kuma suna aika musu wasiƙa suna faɗin yadda aiki ke tafiya. To me mutum zai rubuta wa tsohuwar da ke tsakuro daga kuɗin fanshonta tana aiko masa, alhali bai ga Afirka ba tukuna, abin da ya yi a watan nan shi ne ya ci jarrabawar shifta? Da yawansu sun ce mini wannan wasiƙa ta fi jarrabawar kanta wuya. Wasu a nan tafiyar ke ƙarewa. Aure ya yi tsami, ko kuɗi su yanke, ko harshen ya ƙi shiga, su koma gida ba su taɓa shaƙar ƙurar hunturu ba.

Wanda ya jure ya iso, Faransancinsa yana yi masa aiki a filin jirgin Yamai, a wurin 'yan duwan, a ma'aikatar da ke ba da takardar zama, a shingen jandarma. Sai ya iso Danja, ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya, a shigo masa da wata baiwar Allah daga ƙauyukanmu na Gabi wadda ta kwana biyu tana naƙuda, ko dattijon da yatsunsa suka daina jin zafin wuta. A nan shekarar Albertville ke tsayawa cik. Hausawa na cewa baƙo makaho ne ko da yana da ido, kuma ranar nan yakan gane haka da kansa. Dole ya sake ɗaukar jaka ya koma aji.

A nan ne nake shigowa cikin labarin, kuma na ga iri biyu. Akwai wanda wahalar Faransanci ta horar da shi, ya riga ya saba da a yi masa dariya, ya san yadda ake riƙe ƙaramin littafi a aljihu ana rubuta duk abin da kunne ya tsinta. Irin wannan yakan shiga Hausa da ƙarfinsa. Yakan sha fama da hawa da saukar murya, da dogon wasali da gajere, da ɓ da ɗ da ƙ waɗanda maƙogwaronsa bai san da su ba. Littattafan da ya zo da su Hausar Kano ce a ciki, sai ya fita kasuwa ya ji Katsinanci da Gobiranci, ya dawo yana tambayata ko wani harshen ne dabam. Amma yakan dage. Na ga waɗanda suka kai har suna zaurance da yara, suna jefa karin magana a inda ya dace, suna zama gaisuwar mutuwa su yi shiru lokacin shiru. Akwai kuma wanda ya iso a gajiye, ya ce harshe ɗaya ya isa haka. Shi yakan ƙare a ofis, abokan hirarsa ma'aikata ne da 'yan boko irina, kuma in zai yi magana da mai jinya sai ya waiwaya ya nemi tafinta. Zai iya shekara goma a Maraɗi yana aiki tuƙuru da zuciya ɗaya, amma abin da ya sani game da mu shi ne abin da muka ga damar fassara masa. Ban taɓa raina aikin irin wannan ba, sai dai na lura tsofaffin ƙauye ba sa riƙe sunansa, alhali na farkon har laƙabi suke sa masa.

Duk lokacin da suke ba ni labarin wahalarsu ta Faransa, yaran Gabi ne ke faɗo mini a rai, har da ni kaina ina ɗan shekara bakwai. Mu ma a baƙunta muka koyi Faransanci, ko da yake ba mu bar garinmu ba. Ranar farko da aka kai mu lakwal, mushe, wato malaminmu, ya buɗe baki, babu wanda ya san abin da yake faɗi. Baturen mishan ya tafi da ƙafarsa, da hankalinsa na babba, ajinsu 'yan kaɗan ne, kuma in ya fita titi harshen da yake koyo ne ke shiga kunnensa. Mu kuwa aji cike, littafi ɗaya hannu da yawa, kuma da an tashi babu sauran Faransanci sai gobe. A zamaninmu akwai sambol, wani ƙashi ko guntun itace da ake rataya wa duk yaron da aka kama yana Hausa a harabar lakwal, shi kuma ya yi ta farautar wanda zai miƙa wa kafin a tashi. Na rataya shi, kuma har yau ina tuna nauyinsa a wuya. Da wannan harshe da ba mu ji aka koya mana lissafi da tarihi da sanin jikin ɗan Adam. Waɗanda suka faɗi ba dakikai ba ne. Da yawansu su ne manyan 'yan kasuwar da ke lissafin Naira da Sefa a ka kafin mai na'ura ya gama dannawa.

Shi ya sa nake ganin 'yan mishan na farko sun yi daidai a abu ɗaya, sun yi kuskure babba a wani. Sun yi daidai da suka ce mutum ya fara karatu da harshen da ya sha a nono. Makarantar Littafi Mai Tsarki ta Tsibiri da Hausa take koyarwa, kuma manoma da matansu sun iya karatu da rubutun boko cikin Hausa tun gwamnati ba ta yi tunanin yaƙi da jahilci ba. Kuskurensu shi ne da suka daɗe suna ƙyamar buɗe makarantun Faransanci ga 'ya'yan mabiyansu, suna tsoron kada boko ya janye su daga aikin bishara zuwa neman abin duniya. Barbara Cooper, wata masaniyar tarihi Ba'amurkiya da ta daɗe tana bincike a Maraɗi, ta ba wannan matsala babi guda a littafinta na 2006 kan Kiristocin wannan yanki. Yaron da ya nuna ƙwazo sai a tura shi Nijeriya ya ƙaro karatu da Hausa ko Ingilishi, ya dawo da takardar da babu ofishin da zai karɓa a nan. Da aka sami 'yanci ranar 3 ga Agusta 1960, kujerun gwamnatin Diori Hamani na masu Faransanci ne. Mishan ɗin Katolika, da ya shigo Yamai a 1931, bai yi wannan jinkiri ba, makarantunsa na Faransanci ne, har manyan Musulmi na kai 'ya'yansu. Abin da ke ba ni takaici shi ne mishan ya san darajar harshen ofis sarai, tunda yana biyan kuɗi mai yawa ma'aikatansa su koyo shi a Paris, amma bai ga cewa ɗan manomin Tsibiri ma yana buƙatarsa ba. Ikilisiyar EERN ta mabiyan SIM da 'yan ƙasa suka karɓi jagorancinta a farkon shekarun 1960 ta gaji wannan giɓi, kuma ta daɗe tana cike shi.

In ana neman misalin inda harsunan biyu suka yi aiki tare, ba sai an je nesa ba, gonakinmu sun isa shaida. Tony Rinaudo, masanin noma ɗan Ostareliya, ya zo Maraɗi a ƙarƙashin SIM a 1981. Aikin da ya tarar shi ne dashen itatuwa, ana rainon su a gandu ana kai wa ƙauyuka, rana da awaki da gara suna cinye mafi yawansu. A 1983 ya lura cewa 'yan tsirran da manomi ke sassabewa kowace bazara ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwan da aka sare ne, saiwarsu na nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. In aka zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi aka bari, aka rage sauran, itace zai tashi da sauri fiye da dashe. Wannan ba sabon sani ba ne ga tsofaffinmu, amma an riga an koya wa manomi cewa gona mai tsabta ita ce wadda babu ko kara a tsaye. Sai yunwar 1984 ta zo, wadda muke kira El-Buhari saboda ta haɗu da rufe iyakar Nijeriya a mulkin Buhari, aka haɗa rabon abinci da sharaɗin barin itatuwa a gona. Da yunwa ta wuce da yawa sun sake sarewa, amma wasu sun ga amfanin, ga itacen girki, ga ganyen dabbobi, ga iska ta daina binne shuka.

Wannan hira da manoma, a gindin gawo da kalgo, ba ta yiwuwa sai da Hausa, kuma da Hausa sunan abin ya bazu, sassabin zamani. Amma akwai wani shinge da Hausa kaɗai ba ta iya ɗaga shi. Dokar daji, da Faransanci aka rubuta ta tun zamanin Turawa, kuma bisa ita itace na gwamnati ne ko da a tsakiyar gonarka ya fito. Manomi na tsoron barin itace ya girma, don ranar da ya sare reshe ma'aikacin gandun daji zai ci shi tara. Sai da aka zauna da hukumomi, da harshensu da takardunsu, aka sassauta wannan kafin manomi ya yarda itacen nasa ne. Masu bincike sun ƙiyasta cewa gonakin da suka farfaɗo ta wannan hanya a Nijar sun kai kadada miliyan 5, da itatuwa wajen miliyan 200, kuma a 2018 aka ba Rinaudo lambar yabo ta Right Livelihood a Suwidin. Aikin na manoma ne, su suka riƙe gatari suka ƙi sara. Amma da baƙon nan Faransanci kaɗai ya tsaya a kai, da rahoto ne kawai zai bari a cikin kabad.

Yau kusan komai ya juya. Masu zuwa ba Turawan Amurka da Kanada kaɗai ba ne, akwai 'yan Koriya ta Kudu da 'yan Latin Amurka, waɗanda wasunsu sai sun koyi Ingilishi don zama da abokan aiki, sannan Faransanci, sannan Hausa. Akwai kuma 'yan'uwanmu daga kudancin iyaka. Cocin ECWA, wanda ya fito daga aikin SIM a 1954, yana da tasa ƙungiyar masu bishara, ga kuma CAPRO da aka kafa a Zariya a 1975. Mai bishara daga Kano ko Zariya ko Jos yana sauka tashar mota ya fara ciniki da mai ƙosai, babu wanda zai ce baƙo ne. Matsalarsa a shingen jandarma take, da ranar da za a cika takarda. Shi ba ya iya kuɗin Albertville, sai ya nufi ƙauyen koyon Faransanci na Badagiri da gwamnatin Nijeriya ta buɗe a 1991, ko Lome, ko Kwatano, ko kuma ya nemi tsohon mushe irina a cikin gari. Na koyar da irinsu, kuma aikin ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, don da Hausa nake yi musu bayani, abin da aka hana mu yi wa yaranmu shekara da shekaru.

Turawan kuma sun ragu a karkara. Tun da aka fara sace baƙi a ƙasar nan, farar fata ba ta yawo daga ƙauye zuwa ƙauye kamar da, kuma mu kanmu mutanen Gabi mun san abin da 'yan bindigar bakin iyaka suka mai da dararenmu, da shanun da aka kora, da kuɗin fansa da aka tara. Asibitin Danja, wanda aka ƙara masa sashen gyaran yoyon fitsari a 2012, 'yan ƙasa ne ke ɗauke da mafi yawan aikinsa na yau da kullum, kuma masu jinyar da ke kwance a ciki galibinsu Musulmi ne, kamar yadda yake tun farko. Zaman tare bai rasa tabo ba. Ban manta Janairun 2015 ba, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai saboda zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Paris. Zanen ya ƙona mini rai kamar kowane Musulmi, amma waɗanda aka ƙona wa wurin ibada Hausawa ne da Zabarmawa da Gurmawa, maƙwabtanmu, ba su da hannu a abin da aka yi a Faransa. An ɗora musu laifin wata ƙasa da yawancinsu ko harshenta ba su ji sosai.

Sai kuma babban juyi na kwanan nan. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, sojojin Faransa sun fice kafin ƙarshen wannan shekara. A watan Maris 2025 Nijar ta fita daga ƙungiyar ƙasashe masu amfani da Faransanci, kuma kundin sake gina ƙasa da aka ƙaddamar a ƙarshen wannan wata ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuwa harsunan aiki ne. Ranar da na ji a rediyo, na yi farin ciki irin wanda ban zaci zan yi ba a wannan shekaru nawa. Na kuma tuna da abokan aikina Zabarmawa da Barebari da Buzaye da Fulani, don wanda ya taɓa rataya sambol bai kamata ya so a rataya wa ɗan wani ba, ko da da sunan Hausa ne.

Sai dai takarda ba ta sauya aji a dare ɗaya. Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram, inda yaro ke fara karatu da Hausa kafin a shigo masa da Faransanci sannu a hankali, kuma duk malamin da ya ga yaran irin waɗannan makarantu ya san sun fi saurin kama karatu. Fiye da shekara 50 ke nan, amma har yanzu yawancin yaranmu da Faransanci suke fara haɗa baƙi. Takardar magani da Faransanci ake rubuta ta, jarrabawar malaman jinya da Faransanci, takardar fili da ta haihuwa haka. Likitan da zai zo Galmi ko Danja daga waje har gobe sai ya bi ta makarantar Faransanci, don da shi zai yi magana da ma'aikatar lafiya ya kuma koyar da ƙananan likitoci. Waɗanda ke jin wannan harshe a ƙasar nan ba su kai kashi ɗaya cikin biyar ba.

Akwai abu ɗaya da nake so hukumominmu su ɗauka daga tsarin 'yan mishan, ba tare da la'akari da addini ba. Su ba sa barin sabon ma'aikaci ya kama aiki gadan-gadan sai an ware masa watanni na koyon harshen mutanen da zai yi wa aiki, a ba shi malami, a gwada shi, kuma a lissafa wannan lokaci cikin aikinsa. Mu kuwa ana turo ungozoma ko malamin gona ko jandarma daga wani sashe na ƙasa zuwa Gabi, ko a tura ɗan Gabi zuwa Tera ko Bilma, babu wanda ke tambaya ko zai iya gaisawa da tsohuwar da za ta fara shigowa ofishinsa. Ga tsofaffin malamai zaune a kowane gari, ga makarantar horon malamai ta Bawa Jangwarzo a Maraɗi, ga jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo. Wata uku na farkon aiki, da darasi kowace safiya da fita kasuwa kowace yamma, zai isa ungozoma ta tambayi mai ciki da bakinta tun yaushe ciwon ya fara, ba sai an kira mai gadi ya fassara ba.